Na Yi Shiru, Giyar Motar Baba Ta Ƙone

Malam, don Allah ka taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni bakanike ne. Mahaifinmu ya rasu ya bar tsohuwar motar soja da ya saya a gwanjo, mai ja da taya huɗu. Da ita ya yi dakon itace ya ciyar da mu. Shekara uku tana ƙofar gida, kullum Inna sai ta goge mata gilashi. Burinta ta sake jin kukan injin nan tun tana raye.

Muka shirya a ja ta zuwa garejina. Na ce wa Yayana, ma'aikacin ofis da ko taya bai taɓa canzawa ba, ya bari in kwance furofela, ƙarfen da ya haɗa giya da tayoyi. A gaban mai tifar da zai ja mu ya ce tun ba a haife ni ba yake shiga motar nan, a sa ta a firi kawai, wato a fitar da ita daga giya. Na mayar da sifana aljihu, na ce a raina jiki magayi.

Igiya suka ɗaura, suka yi ta sheƙa gudu. Kafin mu isa, giya ta ƙone ƙurmus. Yanzu ya ce wa Inna ni ne ban iya aikina ba. Ita kuma ta daina yi mini zancen motar, wannan ya fi mini zagi ciwo. In tona masa asiri?

Autan Direba

Auta, Yayanka ya yi girman kai, ya ƙara da ƙarya. Firi ba ya hana tayoyi juya kayan cikin giya, ga inji a kashe, mai ba ya zagayawa. Irin wannan mota ana kwance mata furofelar gaba da ta baya, a ja ta da sandar ƙarfe don birkinta ba abin dogaro ba ne, a tafi a hankali, ana tsayawa ana taɓa giya.

Amma duk wannan ka fi ni sani. Shi jahilci ya yi, kai kuwa kana gani ka bari motar mahaifinka ta ƙone don ka huce haushi. In tonawa za ka yi, fara da kanka a gaban Inna. Sannan ka nemo giya, ka kira Yaya ya riƙe maka sifana.

Inna ba alƙali take nema ba, kukan inji take jira, kuma shekarunta ba za su jira ku huce ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ta ji da kunnenta.