An Kore Ni Daga Gefen Gadonta

Zuwa ga 'yata likita,

Bayan gaisuwa. Tela ne ke rubuta mini, in kin ga kuskure, nasa ne.

An kore ni daga ɗakin uwarki a asibiti. Tun da shanyewar jiki ta kwantar da ita, numfashinta kan yi zurfi, ya yi sama-sama, sai ya ɗauke ɗif. Ni kuwa in girgiza kafaɗarta, ya dawo. Jiya garin haka allurar ƙarin ruwa ta fita, wani likita da ko gemu bai tsiro ba ya nuna mini ƙofa. Ni da na yi jinyar kakanki da baffanninki, na san yadda kowannensu ya cika, shi zai koya mini? Ki buga masa waya, tunda bakinku ɗaya.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Na yi magana da shi. A gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, akwai wurin da ke ba ƙirji umarnin shaƙa da fitarwa, ko mutum na barci. Yana auna gurɓatacciyar iska a jini, in ta taru ya matsa wa ƙirji. Ciwon ya taɓa wurin, shi ya sa yake jinkiri. Ba girgizarka ke dawo da numfashin ba. Za ka koma kujerarka ta gefen gado, da sharaɗin ba za ka taɓa ta ba.

Allah ya ƙara girma.

*

Ke,

Gaisuwa dai. Wato karatun naki kenan, kin gano mini wani mai gadi a ƙeya. To, mai gadi in ya yi gyangyaɗi a bakin aiki, ba a tashinsa? In naɗe hannu kamar baƙo a gaban matata? Ku riƙe kujerarku, ba na zuwa.

Ki huta lafiya.

*

Baba,

Ina gaisuwa. An ce Inna ta buɗe ido da safe. Ta yi ta kallon kujerarka.

'Yarka.

*

Likita,

Na koma. Na zauna a kan hannuwana har suka yi tsami. Numfashin ya ɗauke, na ciji leɓe, can ya dawo da kansa.

Kada ki yi murna, ba boko ne ya ci ba. Uwarki dama ba ta taɓa son a tuna mata aikinta ba.

Ki zo.

Mahaifinki.