Sun Ƙona Ciyawar da Mijina Ya Shimfiɗa, Suka Rufe da Tukunyar Fure

Anti Rahina, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta ƙi sanyi. Ni mace ce mai shekaru, ina zaune a McLeansville. Mijina Shekari ya rasu bara, ciwon daji ne. Da likitoci suka faɗa masa gaskiya, bai ce mini komai ba, sai ya sayo ciyawar roba. Shi kaɗai ya share tsakar gidanmu, ya zuba tsakuwa, ya shimfiɗa, yana yi yana hutawa a kan bokiti. Na yi ta masa faɗa. Ya ce ba ya so ya tafi ya bar ni ina tura injin yankan ciyawa da ciwon bayana. Aikinsa na ƙarshe ke nan.

Watan jiya zumuntar matan cocinmu suka roƙi aron gidan don bikin godiya. Aminiyata Prisca ce ta zo da maganar. Sharaɗi ɗaya na ba ta: kada a ɗora murhun gasa nama a kan ciyawar, a bar shi a kan siminti. Ranar bikin ina ciki ina fama da tuwo, ban ga komai ba. Aka watse, Prisca ta rungume ni ta ce sun gyara ko'ina.

Bayan kwanaki ina shara, na ga an matso da babbar tukunyar fure zuwa tsakiya. Da na ja ta, Anti, sai ga abin da aka ɓoye a ƙarƙashinta. Wurin da ya kai faɗin faifai ya narke, baƙi ƙirin, ya sandare, ga gutsattsarin gawayi a manne. Na kira Prisca, ta ce wai ƙila hasken rana ne daga gilashin taga. Daga baya Scholastica, wata 'yar zumuntarmu, ta gaya mini mijin Prisca, Josiah, ne ya jawo murhun zuwa inuwa a kan ciyawar, garwashi ya zube, kuma Prisca da hannunta ta ja tukunyar. Kowa ya gani. Matan da muke waƙa tare suka ci tuwona, suka yi mini sallama, ba wadda ta buɗe baki.

Na kira 'yata Confidence ina kuka, ta amsa mini da Turanci wai roba ce kawai, a sayi wata. Tun ranar ban koma coci ba. Idan na tuna Prisca ce ta riƙa kwana da ni a asibiti, sai haushin ya ƙaru, domin ta fi kowa sanin abin da wurin yake a gare ni. Wani mai gyara ya ce a ɗaye duka a sa sabuwa, na ce ya kama gabansa. Yanzu ko labulen tagar kicin ba na ɗagawa. Ni ce na cika riƙo, ko kuwa an wulaƙanta ni?

Wadda aka ci amanarta, McLeansville

Mama, Allah ya jiƙan maigida, ya ƙara miki haƙuri. Ba ki cika riƙo ba. Zubewar garwashi tsautsayi ne. Jan tukunya da ƙaryar taga kuwa zaɓi ne, kuma sun ɓata miki. Gilashi yakan narka irin wannan ciyawa, gaskiya ne, amma ba ya barin gawayi.

Sai dai ki dubi ɗaya gefen. Matar da ta kwana da ke a asibiti ba raini ya sa ta ɓoye ba. Na fi zaton ta ga abin da mijinta ya yi, ta hango fuskarki, tsoro ya kama ta. Ƙarya ɗaya kuma ta jawo ta biyu. Wannan bai wanke ta ba, amma matsoraciya daban, maƙiyiya daban. Ita ma Confidence uba ta rasa. Ba ta iya jin kukanki ba ne, ta nemi gajeriyar hanya.

Batun gyara, kin yi daidai da kika sallami mutumin nan. Ba sai an ɗaye duka ba. Ki duba gareji, mai irin wannan aiki da wuya bai ajiye ragowa ba. Da wuƙa mai kaifi ake yanke wurin da ya ƙone, a yanko wani daidai girmansa. A lura gashin ciyawar ya kwanta ɓangare ɗaya da na kewaye, in ba haka ba facin zai fito fili. A sa tef ɗin haɗi a ƙasa, a shafa gam, a danne da abu mai nauyi har ya bushe, sannan a zuba yashin da ake sa wa irin wannan ciyawa a taje da buroshi. Idan rana ta koɗar da launin tsohuwar, a yanko daga lungun da ido ba ya kai wa, a mayar da ragowar can.

Ki kira Prisca ta zo ita kaɗai. Ki gaya mata kin san komai, kada ki ambaci wadda ta faɗa miki. Idan ta amsa laifi, ki ba Josiah dama ya gyara, ko ya kawo wanda ya iya, kina tsaye. Idan ta nace da ƙarya, kin san matsayinta, ki rage hulɗa ba tare da tonon silili ba. Amma kada ki bar musu cocin, ba ke kika yi abin kunya ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, Mama, ya ba Prisca ƙarfin halin kallonki ido da ido.

Anti Rahina