Ya ba ƙaninsa shekaruna shida, yau yana roƙona wata huɗu

Salama gare ku 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis.

Ni mai walda ne a Kafanchan. A 1988 babana ya ɗauke ni daga gonar citta ya kai ni Zonkwa wurin wani oga, shekara shida na yi a hannunsa, har ya zama shi sai dai ya zauna a benci yana cin gyaɗa, ni ke haɗa tankuna da ƙofofin coci. A 1994 wani kamfani ya zo neman masu walda zuwa Libiya, aikin shekara biyu, sharaɗin biza shi ne takarda daga ogan mutum cewa ya yi shekara biyar yana aikin, da hotunan abin da ya ƙera. Na kai wa oga hotunana, ya ce in dawo bayan Ista. Da na dawo sai na ji ƙaninsa ya tafi, mutumin da ko gilashin walda bai iya riƙewa ba. Sunansa aka buga a kan shekaruna da hotunana. Na je na yi wa oga magana ina kuka, ya ce in daina damunsa, ai takarda ce kawai. Shekara talatin ke nan maganar tana ci mini rai, na tsani mutumin nan, ko a jana'iza muka haɗu ba na miƙa masa hannu.

To ɗan ogan ne yake aiki a shagona yanzu. Fasto ya roƙe ni na karɓe shi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, hannunsa yana da kyau, yana da mata da 'ya'ya biyu, Baba yake ce mini. Ya samu aiki a waje, su kuma shekara biyu cif suke so, shi kuwa shekara ɗaya da wata takwas ya yi. Makon jiya sai ga oga da sanda, ya tsufa tukuf, ya zauna a bencina, wai in taimaka in ƙara wata huɗun a takardar ɗansa. Na jira in ga ko zai tuna 1994. Bai tuna ba. Yana miƙewa ya dafa kafaɗata ya ce ai takarda ce kawai.

Na sa hannu, amma da niyya. Alhamis za su bugo mini waya su tabbatar, ina so in faɗi ainihin ranar da ya fara, a hana bizar, uban ya ɗanɗana. Matata ta ce ɗan bai ci mini komai ba. Na ce ni ma ban ci wa kowa ba.

In na rufa masa na yi ƙarya, in na faɗi gaskiya kuma Allah ya sani ba don gaskiyar na faɗa ba. Ku da kuke waje, me zan ce musu in wayar ta shigo?