Na'urarki tana cikin rumbu

Dorathy,

Na fita kina barci, ban so in tashe ki ba. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau. Ki daina kashe ta kina kunnawa, ki kuma mayar da wayoyin da kika ciccire.

Jiya ina jin ki kina ta fama, kina cewa ta ƙi ganin intanet. Kunya ce ta hana ni magana, don laifina ne. Shekaranjiya da hadari ya taso, na sauke 'yar na'urar nan mai kawo intanet daga jikin rumbu, inda kike rataye ta saboda nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Na sa ta ciki a kan sabon gero don kada ta jiƙe. Ina can wajen awaki Babanki ya zo ya liƙe bakin rumbun da laka.

Kin dai san shi. Ba mai buɗe masa rumbu, kuma ba ya taɓa sabon gero sai tsohon ya ƙare. Don Allah kada ki fasa rumbun, ko wa ya ba ki shawara.

Ban manta ba, yau ƙarfe huɗu ake rufe cike fom na makarantar jinya a intanet. Na hau babur na bi Babanki Makoda, inda ya tafi ta'aziyya. Shekara ashirin da bakwai da aurenmu ban taɓa roƙonsa ya saɓa al'adarsa ba. Yau zan roƙa, ko a gaban mutane ne.

Ki haɗa takardunki, ki jira mu.

Innarki