Salkunan Ado na Sojan Bilma

Bilma, watan Rajab, 1938

Zuwa ga ƙanena Muttaƙa baduku, a Magariya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka da dukan unguwar dukawa.

Bayan haka, takardarka ta same ni. Ka ce kumandan Magariya ya yi shela ana son salkunan ruwa ɗari uku domin mu sojan raƙumi, ka kai masa ta gwaji, har ka fara bin rugagen Dungas kana karɓar fatun awaki wurin Gidaɗo. Yi a hankali. Kumandan ba shi da ikon saya wa soja ko igiya. Salkarka za ta je Damagaram, ta wuce Yamai wurin gwamna, ta wuce Dakar, inda mutanen da ba su taɓa kwana da ƙishirwa ba za su duba ko akwai wurinta cikin kason shekara. In sun yarda, su buga mata hatimi. Ranar da kaya suka iso nan kuma, komisiyo, wato kwamitin duba kaya, ta zauna ta gwada su da salka mai hatimin. Ni ma ina cikinta, don ni ne sarjan mai kula da ruwa, ba don ana marmarin jin bakina ba.

Ban ce tsarin banza ne ba. An yi shi don kada a cuce mu. Yana dai da nawa, kuma kunnensa ba ya ji sosai.

Nan ba labari sai gishiri da dabino da ciwon gwiwa. Ka huta lafiya.

Wanka, Mainassara

Magariya, bayan babbar salla

Zuwa ga Yaya Mainassara. Gaisuwa da ladabi da biyayya. Allah ya ƙara girma.

Yaya, an yarda. Hatimi ya dawo daga Dakar. Amma akwai abin da ban gaya maka ba. Ta gwajin nan, da na ji gaban gwamna za ta, sai na ga ba a kai wa babba abu tsirara. Na rina ta ja da karan dafi, na yi mata zanen ɗinki a ciki da wuya, na sa tuntaye. Ita suka buga wa hatimi.

Na koma wurin kumandan tare da Rabe tafinta, na ce waccan ta gani ce, ta aiki ba a taɓa cikinta da basilla, don duk hudar da aka yi ƙofar ruwa ce. Ya ce duk wadda ta saɓa da mai hatimi za a ƙi ta, canji kuma sai an koma Dakar, kafin nan kason bana ya wuce. Da muka fito Rabe ya ce, "Kai dai ba ka da godiya. An ce ka yi kwalliya, kana neman a bar ka ka yi muni?"

To, mun yi su kamar yadda aka ce. Unguwa duka ta sa hannu, har tsofaffi. Mun toshe hudojin da kitse da ƙaro. Gidaɗo ya ba da fatunsa bisa amana, ya ce sunan gidanmu ya ishe shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar komisiyo da ido za su duba. Ba na ce ka yi ƙarya ba, Yaya. Ka yi shiru kawai.

Ƙanenka, Muttaƙa

Bilma, farkon bazara

Zuwa ga Muttaƙa. Bayan gaisuwa da tambayar lafiya.

Gara ka ji daga bakina. Kaya sun iso, komisiyo ta zauna a inuwar mangaza, ɗakin ajiyar kayanmu. Kabitan, shugaban komisiyo, ya ajiye salka mai hatimi, aka jera sauran. Wallahi aikinku ya yi kyau, ban taɓa ganin hannunka ya kai haka ba. Ya duba rini, ya duba ɗinki, ya ce daidai suke, har ya ce matarsa za ta so ɗaya. Magatakarda ya tsoma alƙalami.

Na yi shirun da ka roƙa har zuwa nan. Amma wata mai zuwa zan fita da mutanena hanyar Agadem, inda tsakanin rijiya da rijiya sai abin da ka ɗauko. Ɗan Azumi da Saminu, sojojina, suna tsaye bayana suna yaba tuntaye. Sai na ce a cika kaɗan daga ciki a rataya wa raƙuma a rana. Kafin la'asar kitsen ya narke, ruwa na bin zanen yana ɗiga a ƙafafun raƙuma.

An ƙi su duka. Suna hanyar komowa gare ka.

Kabitan ya yi adalci gwargwadon ikonsa: ya rubuta cewa mai aiki ya bi umarni, kuskure na masu yarda ne. Na sa hannu a ƙasa. Ko Dakar za ta karanta, ban sani ba, kuma ba zan ruɗe ka ba.

Ban ga laifinka ba, ƙanena. Ban kuma ga nawa ba, duk da na nema. Ka gaida Gidaɗo, in zai amsa gaisuwata.

Wanka, Mainassara

Magariya, watan azumi

Zuwa ga Sarjan Mainassara. Bayan gaisuwa.

Salkuna sun iso. Muna yanka su muna yin matasai, mata na saye ranar kasuwa. Gidaɗo ya daina sauka a gidanmu.

Inna ba ta san kome ba. Jiya bayan shan ruwa ta tambaye ni ko kana samun ruwa isasshe a can. Na ce mata kana samu.

Wassalam.

Muttaƙa