Man Shanun Inna

Daren Laraba, Gusau

Yau na ga jinina a kwalbar gwaji. Da ya kwanta, sai wani abu fari-fari ya taso sama, kamar maiƙon miyar da ta kwana. Likita ya ce kitse ne. Shi ke manne wa hanyoyin jini su tsuke, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, jini ya yi ta hawa. Hantar ma wai sai an duba. Ni da ake tsokana da sillan kara!

Ina dawowa na tarar Inna ta zo dubiya daga Bungudu, da man shanu cike da kwano. Na yi mata bayani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wane kitse, ɗan nan? Haƙarƙarinka ana ƙirgawa. Yunwa ce ke damunka."

Ta kwarara man shanun kan tuwo har ya yi tafki, ta zauna ta tsare ni da ido. Tun asuba ta hau mota saboda ni. Ta yaya zan ture kwanon?

Na cinye tas. Sau uku na yi asuwaki, maiƙon bai bar bakina ba.

Kuma ta ce sati biyu za ta yi.