Laburare Daban, Laboratare Daban

Zuwa ga Shugaban makarantarmu ta sakandare da ke Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malamai da ɗalibai baki ɗaya. Sunana Isiyaku, ɗan Malam Bala tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ba za ka gane ni ba, domin na gama makarantar kafin a kawo ka. Amma ka san ƙanwata Saratu da ke ajin ƙarshe, wadda nan da 'yan makonni za ta cike takardar jarrabawar shiga jami'a ta zaɓi abin da za ta karanta. Saboda ita na ɗauki alƙalami. Na biyo ta jarida ne kuma don na zo ofishinka an ce kana taro, na sake zuwa aka ce ka tafi taro, sai na ga gara in aiko saƙon inda zai same ka ko a wurin taron ne.

Na ɗaya, bari in gaya maka yadda aka zaɓa mini fanni a makarantarka. A zamaninmu malamin ba da shawara shi ne kuma malamin wasanni, wanda muke kira Malam Usur saboda usur ba ya barin wuyansa. Mutumin kirki ne, ban zo don in ci zarafinsa ba, aiki ne aka jibga masa wanda bai nema ba. Sau ɗaya tak ya tara mu a gindin dalbejiya ya yi mana bayanin makomar rayuwa, kuma a bayaninsa sana'o'in duniya uku ne, likita da injiniya da lauya. Duk wanda bai samu ɗaya cikinsu ba, Allah ya ba shi haƙuri. Daga nan ya busa usur muka tafi filin ƙwallo.

Ni kuwa a lokacin ban san abin da nake so in zama ba. Ranar Litinin direban jirgin sama nake, kafin Alhamis na koma ɗan jarida. Da mahaifina ya ga haka sai ya fita neman shawara a unguwa. Maƙwabciyarmu Mama Talatu, wadda take aikin shara a asibiti, ta gaya masa cewa masu gwajin jini ba sa zama babu aiki, kuma fannin nasu bai kai na likita wuyar samu ba. Ita daidai ta faɗi sunan, Laboratare Sayens. Amma tsakanin ƙofar gidanta da zaurenmu sunan ya rage tsawo a bakin Baba, ya iso wurina a matsayin Laburare Sayens.

Haka na ɗauke shi na kai wa Malam Usur. Littafin jerin fannoni guda ɗaya ne a duk makarantar, a hannunsa yake, ba ya yarda kowa ya taɓa. Ya bi da yatsa, ya same shi, ya karanto mini lambar fannin na rubuta, har ya yaba mini da cewa na yi dabara domin ba a rububinsa. Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya kawai ta rage. Da ya ce in faɗa masa me nake zaton ana yi a wannan fanni, da na ce gwajin jini da fitsari, da magana ta ƙare a nan wurin. Bai tambaya ba, don yara na jiransa a fili.

Za ka ce ai ni ma ina da ido, me ya hana ni karanta takardar shaidar samun gurbi da ta zo. Na karanta. Ido ya ga Sayens a ƙarshe, zuciya ta ƙarasa sauran. Ka kuma tuna wane ɗalibi makarantarka ta yaye. Laburare dai, wato ɗakin karatu, ba mu da shi sam a lokacin. Laboratare kuwa, ɗakin gwaji, ɗaki ne da ake buɗewa a share ranar da masu duba makarantu za su zo. Wanda bai taɓa shiga ɗayansu ba, ina zai san bambancinsu?

Na biyu, ga abin da ya biyo baya. Unguwa ta ɗauka an samu Dokta. Baba ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo mini farar riga irin ta asibiti a wurin 'yan gwanjo, aka wanke ta da bula aka goge. Ranar farko na sa ta tun daga gida. Yaron motar da na shiga daga PZ zuwa Samaru, inda jami'ar take, har gidan gaba ya ba ni, wata tsohuwa kuma ta yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarta har muka sauka. Na shiga aji ni kaɗai da farar riga kamar balbela cikin kaji. Malami ya shigo ya fara bayanin yadda ake jera littattafai a kanta da lambobin da ake manna musu a ƙeya. Na ce a raina wannan share fage ne, jinin yana gaba.

Na yi makonni ina jiran jini. Da shiru ya yi yawa na tambayi wani ɗan ajinmu yaushe za a fara kai mu ɗakin gwaji. Ya dube ni, ya dubi rigar, ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Kafin azahar duk ajin sun ji. Tun daga ranar sunana ya zama Gwajin Jini, har malamai da shi suke kirana, kuma da shi na fita daga jami'a. Na nemi a sauya mini fanni, aka ce sai da gurbi, gurbi kuwa bai samu ba.

Ranar da na yi wa Baba bayani ita ce ba na son tunawa, a nan kam babu abin dariya. Sai ya tambaye ni ko littafi ma yana rashin lafiya ne da har sai an yi shekara huɗu ana koyon kula da shi. Mutum ne da ya riga ya gaya wa duk tsofaffin abokan aikinsa cewa ɗansa zai yi aikin asibiti. Na ga kunya a fuskarsa, kuma ya ɗora wa kansa laifin, alhali shi bai yi boko mai zurfi ba, makaranta ya miƙa ni don ta san abin da shi bai sani ba. Unguwa kuwa ta ƙi karɓar gyara. Har yau akwai matan da ke tare ni da takardar gwajin taifod in duba musu, in na ce ni ma'aikacin laburare ne su ce to ai shi suke nufi.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama. A shekara ta biyu na fara son abin, yanzu kuma aikin da nake yi ke nan a Samaru, ina jin daɗinsa, kuma da za a ba ni sirinji yau da na mayar. Amma wannan sa'a ce da rufin asirin Allah, ba aikin makarantarka ba ne, kada a sa ni a jerin nasarorinta ranar rabon kyaututtuka.

Na uku, Saratu. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, ka duba sakamakonta. Ita ke gyara rediyon Baba in ya lalace, ita ke zanen lalle a bukukuwan unguwa, kuma in ta fara gardama sai ka rantse lauya ce. Da na tambaye ta abin da take so ta karanta, ta ce ba ta sani ba, duk suna burge ta kuma duk suna ba ta tsoro. Wannan ba laifi ba ne ga 'yar shekara goma sha bakwai. Matsalar ita ce Baba ya riga ya yanke hukunci, ita za ta rama wa gida gwajin jinin da ni na zubar. Ya ma sa Mama Talatu ta maimaita masa sunan har ya zauna daram a bakinsa. Saratu kuwa ko ragon layya za a yanka sai ta gudu gidan maƙwabta, in ta ga jini jiri ke ɗibanta. Ta kasa gaya masa, domin ta ga abin da nawa ya yi masa.

Na ce to bari in kai ta ofishin ba da shawara, wataƙila an samu ci gaba bayanmu. Allon sunan ofishin yana nan a ƙofa, har an sabunta fentinsa, na yaba. Da muka leƙa ta taga sai ga buhunan masarar gonar makaranta da karyayyun bencina da ragar ƙwallo, da wata kaza kwance kan ƙwai tana hararar mu. Duk makarantar ita kaɗai na samu a bakin aiki a wannan ofishi, amma ba ta ba da shawara ba. Abin da ya ci Doma dai ba ya barin Awe.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A fitar da masarar nan a sa mutum, malamin da wannan ne aikinsa, ba wanda za a yago daga wani wuri ba. Ya zauna da kowane ɗalibi shi kaɗai, ko da na ɗan lokaci ne, kuma kada ya bar yaro ya rubuta fanni sai yaron ya faɗa da bakinsa, da Hausa in ta kama, me ake koya a ciki kuma wane aiki ake yi da shi.

A daina ɗaukar yaron da ya ce bai sani ba a matsayin rago ko marar alƙibla. A nuna masa fannonin da ke da ƙofofi da yawa, a bar masa littafin ya juya da hannunsa. Samaru tana nan kusa, kuɗin mota ɗaya ne. A kwashi 'yan ajin ƙarshe a kai su su ga wuraren da idonsu, a kuma gayyato tsofaffin ɗalibai su faɗi abin da suke yi daga safe zuwa yamma. Ni zan zo kyauta, labarina kaɗai ya isa darasi.

A kira iyaye kuma. Wannan shi ne ya fi damuna. Baba ba zai ji daga bakina ba, a wurinsa ni ne wanda aka aika gwajin jini ya dawo da kantar littattafai. Amma in shugaban makaranta ya zaunar da shi ya ce Malam Bala, a bar yarinyar nan ta duba da kanta, zai cire hula ya ce to.

Shekaranjiya Saratu ta same ni ta ce in zaɓa mata kawai kowane ne, ta gaji, ni ne wanda ya je jami'a a gidanmu. Ni kaɗai take da shi, ni kuwa da kuskure na shiga. Don Allah, ranka ya daɗe, kada ka bar ta a hannuna.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci zuriyarka, ya haɗa 'ya'yanka da masu tsayawa su saurare su, ya kuma rage maka yawan taro.

Wassalam.

Tsohon ɗalibin makarantarka,
Isiyaku Bala, Sabon Gari.